Iznin da Ban Ba Nafi'u Ba

Na san abin da kuka daɗe kuna ji a gidajen suna da wuraren zaman makoki: wai ni na kori baffanku Nafi'u daga harkar ƙungiyar albasa, wai ƙyashi ne ya hana ni in ga ƙanena ya wuce ni. Ban taɓa tanka wa masu faɗin haka ba. Ku ma ban taɓa zaunar da ku na ba ku nawa ɓangaren ba, da fari don ina ganin abin zai wuce, daga baya kuma don maganar ta yi mini nauyi a baki. Yanzu da gwiwa ta fara ƙin kai ni masallaci sai da sanda, na ga gara in ajiye muku labarin a rubuce yadda ya faru, don kada wata rana ku haɗu da 'ya'yansa ku rasa da wane ido za ku dube su.

Nafi'u yana rarrafe mahaifinmu ya rasu a Gehuru. Lokacin na fara koyar da lissafi a Jega, sai na kwaso shi da Inna na dawo da su wurina. A gabana ya fara tafiya, a bayan kekena ya riƙa zuwa firamare, duk wanda bai san mu ba ɗauka yake ɗana ne. Da aka kawo kwamfutocin farko makarantarmu, ni aka tura kwas, don a ganin shugabanni malamin lissafi ne ya fi kusa da abin. Duk abin da na koyo sai in zo in juye masa. Ba a daɗe ba ya zama shi ke nuna mini. Na ji daɗin haka ƙwarai, Allah ne shaidata. Ya yi jami'a, ya tafi Abuja, shi da wasu abokansa suka kafa kamfaninsu na aikin kwamfuta. Ranar da ya fara zuwa gida da motarsa ni na zagaya da shi gidajen dangi, har Inna ta ce in rage nuna shi saboda bakin mutane.

Da na yi ritaya ban zauna ba. Akwai ƙungiyar manoma da 'yan kasuwar albasa da ta haɗa mutanen Jega da Aliero da Maiyama, shugabanta Alhaji Jabbi, wani dattijo mai faɗa a ji wanda muka yi makarantar allo tare. Shi ya jawo ni na riƙe musu duk abin da ya shafi kwamfuta. Kun san yadda albasa take. Ana cire ta da bazara, a zuba a rudu, wannan rumfar kara da ake ɗagawa bisa itace don iska ta riƙa ratsa ta, a bar ta har farashi ya tashi. Abokin gabarta laima. In damina ta kankama, ƙwara ɗaya ta ruɓe a tsakiya, kafin mai ita ya farga ta shafa wa na kewaye da ita. To, wata ƙungiyar agaji ta saka mana ƙananan na'urori masu amfani da hasken rana a cikin rudunan 'yan ƙungiya, suna auna zafi da laima, suna aikawa ta intanet. In abin ya hau, sai saƙo ya shigo wayar manomi da Hausa cewa ya buɗe rudunsa ya juya ya tsince. Duk wannan aikin ba a ofishinmu yake gudana ba. Yana gudana ne a kan manyan kwamfutocin wani kamfani na ƙasar waje da muke haya, abin da masu sana'ar ke kira gajimare. Muna da asusu a can da sunan ƙungiya, kuma mutum biyu ne kaɗai ke da cikakken iko a kansa: ni da Alhaji Jabbi.

Abin da mutane ba su sani ba, ko suka manta, shi ne abin da ke cikin asusun nan. Ba zafi da laima kaɗai ba ne. Akwai sunan kowane manomi, da lambar wayarsa, da hoton katinsa, da inda gonarsa take, da inda rudunsa yake, da yawan abin da ya ajiye. A shekarun nan kuwa an fara jin labarin ɗauke mutane a ƙauyuka, kuma masu ɗaukar ba sa zuwa sai sun san wanda yake da abin hannu. Da wuya manoma suka yarda aka rubuta su. A gaban taro Alhaji Jabbi ya sa na miƙe na yi alkawari cewa ba wanda zai ga sirrinsu in ba da yardar ƙungiya ba, kuma duk wanda za a ba hanyar shiga, iya abin da aikinsa ke buƙata za a ba shi. Wani tsoho ya ce in maimaita da sunan Allah. Na maimaita.

Da masu agajin suka gama wa'adinsu suka tafi, aikin ya dawo kaina ni kaɗai, ya kuwa fi ƙarfina. Idona ya fara rauni, abubuwan kuma kullum canzawa suke. Ina cikin wannan hali Nafi'u ya zo ganin Inna, ya tarar da ni ina fama. Ya ce kamfaninsu ya ƙera wata manhaja da ke sa ido a kan irin wannan asusu dare da rana, ta ga inda ya cushe, ta gyara, ta kashe abin da ke ci ba amfani. Manyan kamfanoni ke saye, amma mu kyauta zai haɗa mana, don garinsu ne. Na kai maganar gaban ƙungiya, aka yi ta sa masa albarka. Ni kaina ji na yi kamar an sauke mini dutse daga ka.

Da hantsi muka zauna a ofishin ƙungiya a Aliero, ni da shi, kowa da kwamfutarsa. Haɗa manhaja da asusu ba wani dogon aiki ba ne. Ana buɗe mata suna nata a cikin asusun, kamar an ɗauki sabon ma'aikaci, a ba ta kalmar sirri, sannan a zaɓa mata matsayi. Matsayin ne ke faɗin abin da za ta iya yi. Akwai na mai kallo, wanda zai ga yadda injuna ke tafiya amma ba zai taɓa komai ba. Akwai na mai gyara, wanda zai iya ƙirƙira ya iya gogewa. Akwai kuma na mai gida, wanda ban da duk wannan zai iya shigo da wanda ya ga dama, ya kuma fitar da wanda ya ga dama, har da mu da muka ba shi. Na buɗe sunan, na ba shi kalmar sirrin, muna hira muna dariya. Da muka zo kan matsayi, bai ko ɗago kai ba ya ce:

"Yaya, na ƙarshen za ka zaɓa. Na mai gida."

Na tsaya. Na ce, "Nafi'u, mi manhajar taka za ta yi da na mai gida?"

"Haka munka gina ta. Duk waɗanda muke wa aiki haka suka ba mu. In ba ta da hannu ko'ina, ranar da abu ya ɓaci sai dai ta tsaya kallo."

"In na ba ta wanga, za ta iya buɗe sunayen manoma?"

"Za ta iya, amma ba ta buɗewa. Mi za mu yi da su?"

"Wa da wa ke riƙe da ita can wurinku?"

Ya ambaci abokan aikinsa, da wasu ma'aikata da suka ɗauka, har da wasu da ke musu aiki daga wata ƙasa, waɗanda shi kansa bai taɓa haɗuwa da su ido da ido ba. Na ce masa to ai ba shi zan ba ba ke nan, manhajar zan ba, da duk wanda hannunsa ke kanta yau, da wanda zai zo gobe. Na ce zan ba ta kallon komai na injuna, in ƙara mata ikon kashe inji ta sake kunnawa in ya tsaya, amma ma'ajiyar sunaye ba za ta shiga ba, kuma ba za ta ƙirƙira ko ta goge komai ba sai ta sanar da ni. Sannan ya yi wata 'yar dariya da ban taɓa jin ya yi mini ba.

"Ni ka goya ga keke, yau ni kake tsoro?"

"Ba kai nike tsoro ba. Alkawari na yi, kuma abin ba nawa ba ne."

Ya ce to. Ya sa yaransa na Abuja suka yi 'yan canje-canje, aka haɗa manhajar da ɗan iznin da na bayar, ta kama aiki. Amma a mota muna komawa Jega rediyo ya kunna, bai kashe ba har muka iso ƙofar gida.

Ban san yadda ya kai wa Inna maganar ba. Bayan la'asar ta aika aka kira ni. Na same ta a bakin ɗakinta tana tsince wake a faifai. Inna ba ta san kwamfuta ba, ba ta kuma son a yi mata bayaninta, amma ta san 'ya'yanta.

"Arzika, mi ɗan'uwanka ya roƙe ka kac ce a'a?"

"Inna, amanar mutane ce."

"Shi ba mutum ba ne? Ya taɓa ɗaukar maka ko allura?"

"Bai taɓa ba."

"To ka ba shi. Yaro ya baro aikinai ya zo ya taimake ka, kai kuma ka tsai da shi bakin zaure kamar mai talla."

Na yi ta ƙoƙarin nuna mata cewa ba shi kaɗai ba ne, akwai baƙin da ba mu sani ba a bayansa. Ta ce ita ba ta haifi baƙi ba, Nafi'u ta haifa. Tun da nake ban taɓa jin Inna ta ce in yi abu na ƙi ba sai ranar. Na durƙusa na ba ta haƙuri, na tashi ba tare da na ce to ba. Mahaifiyarku Luba tana jin duk abin da ake yi daga madafa. Da na shigo ɗaki ta ajiye mini abinci, ta ce ita dai ta fahimci abin da nake nufi, amma in sani Inna ba za ta taɓa fahimta ba, shi kuma Nafi'u ya fahimta sarai, abin da ya sa ya fi jin zafi ke nan.

Bazara ta wuce lafiya. Manhajar ta yi aiki mai kyau, ba zan rage mata komai ba. Ta sha gano matsala kafin ta girma, ta turo mini saƙo, in shiga in gyara. Har na fara cewa a raina abin ya daidaita. Nafi'u yana kirana jefi-jefi, maganar aiki kawai, amma yana kira.

Damina ta kankama, Alhaji Jabbi ya tafi aikin hajji. Ba a daɗe da tafiyarsa ba aka aiko mana cewa kakanku, mahaifin Luba, ya rasu a Giwa Tazo. Muka tafi a gurguje. Ranar da muka isa aka tafka ruwan da ban ga irinsa ba a shekarun nan. Rafin da ke hanya ya cika ya tumbatsa, mashin ba ya ƙetarewa, sabis ɗin waya kuma ya ɗauke ɗungurungum. Ban damu sosai ba, na ce ai akwai mai sa ido. Na zauna karɓar gaisuwa tare da surukaina har aka yi addu'a aka watse, ruwa kuma ya janye. Sai da muka fito kan kwalta kusa da Maiyama wayata ta fara ƙara, ta yi ta yi kamar ba za ta daina ba. Saƙonnin manhaja ne, da kiran Nafi'u wanda ba ya ƙirguwa, da saƙonsa na ƙarshe mai kalmomi kaɗan: ina gani, ba ni da hannu.

Abin da ya faru shi ne, ruwan nan ya sa duk na'urorin rudu sun yi ta aiko da rahoto a lokaci guda, wurin da rahoton ke taruwa ya cika, sashen da ke tura wa manoma saƙo ya tsaya cak. Manhajar ta gani nan take. Ta kashe ta kunna, abin da na ba ta izni ke nan, bai yi amfani ba. Gyaran shi ne a ƙara wa wurin faɗi, aikin da ba ya ɗaukar lokacin shan shayi, amma yana buƙatar ikon ƙirƙira, wanda ban ba ta ba. Nafi'u ya neme ni bai samu ba. Ya nemi Alhaji, wayar Alhaji tana Jega cikin akwati. Ya kira Inna, ya sa aka tura mutum Giwa Tazo, mutumin ya tarar da rafi ya juyo. Yana zaune a Abuja yana kallon laima na hawa a rudunan mutanen garinsu, ɗaya bayan ɗaya, sunayensu da lambobinsu kuma suna cikin ma'ajiyar da na rufe masa, ko kiransu ba zai iya yi ba. A gefen titi na tsaya, bisa kan mota na buɗe kwamfuta na gyara. Saƙonni suka fita. Amma ga wasu an riga an makara.

Washegari na bi ƙauyuka. A Kimba na sami Hali, wani manomi mai ƙwazo wanda yana cikin na farko da suka yarda aka sa musu na'ura. Tun daga nesa wari ya tare ni. Shi da iyalansa sun fito da albasar sun baje a ƙasa, suna tsintar mai rai daga cikin ruɓaɓɓiya, hannuwansu duk sun yi baƙi. Abin da suka tsira da shi bai taka kara ya karya ba. Ya gan ni ya miƙe ya gaishe ni da ladabi, ya yi mini ta'aziyyar surukina. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Malam, dauri kullum sai na tura hannu cikin rudu na ji," in ji shi. "Tun da kunka kawo saƙon ga na bari. Da ban ji waya ta yi ƙara ba, sai na ɗauka lahiya lau."

Ba Hali kaɗai ba ne, amma nasa ya fi muni. Da kaka ta yi ya ba da gonarsa aro ya tafi kudu cirani. Har yau bai koma noman albasa ba. Ina jin labarinsa wurin direbobi, wai yana dako a wata kasuwa. Duk ranar da na tuna fuskarsa a tsakar gidan nan, abinci ba ya mini daɗi.

Da Alhaji Jabbi ya dawo aka kira babban taro a Aliero. Nafi'u ya zo takanas. Tun da ya shigo na ga ya rame. An ba shi dama ya miƙe, ya bayyana wa jama'a abin da ya faru dalla-dalla, bai ƙara ba bai rage ba, bai kuma ambaci sunana ba. Ya ce da an ba shi abin da ya nema tun farko, da ba wanda ya yi asarar ko ƙwara ɗaya. Gaskiya ya faɗa. Wuri ya kaure da hayaniya. Wasu na cewa a ba shi duka a huta, wasu na cewa su ba su yarda sunayensu su je Abuja ba, gara albasa ta ruɓe da a zo a ɗauke mutum a gidansa. Alhaji ya tsawatar, ya juyo gare ni.

"Malam Arzika, kai ka san abin ga. Mi ka gani?"

Na miƙe. Na ce na ga inda iznin ya gaza, kuma a gyara: a ba manhajar cikakken ikon gyara a kan sashen saƙo, ta ƙirƙira ta faɗaɗa yadda ta ga dama ba sai ta jira kowa ba. Amma ma'ajiyar sunaye da matsayin mai gida su zauna a hannun ƙungiya. Na ce in jama'a sun ga a ba da duka, abinsu ne, sai su sauke mini alkawarin da na ɗauka, su kuma nemi wanda zai danna, don ni hannuna ba zai iya ba. Aka yi ta muhawara har azahar. Daga ƙarshe masu cewa a bi shawarata suka rinjaya, ba da yawa ba. Alhaji ya tambayi Nafi'u ko ya amince. Ya ce shi ba zai sake zama yana kallon abu na lalacewa hannunsa a ɗaure ba, yau sashen saƙo ne, gobe wani sashen ne da ba wanda ya hango. Ko a yarda da shi gaba ɗaya, ko a sallame shi. Ƙungiya ba ta canza shawara ba. Ya tattara kwamfutarsa, ya yi wa dattawa sallama, ya fita. Na bi shi har bakin mota.

"Nafi'u, tsaya mu yi magana."

"Mun yi, Yaya. Gaban mutane munka yi ta."

Bayan kwana kaɗan kamfaninsu ya aiko a hukumance cewa sun janye. Ni da hannuna na shiga asusun na goge sunan da na buɗe wa manhajarsa. Kwamfuta ta tambaye ni ko na tabbata. Na amsa mata da e.

Ga abin da ya fi ci mini rai, kuma ina so ku sani don kada ku mai da ni gwarzon da ban zama ba. Ba abin da ya taɓa faruwa da ya nuna ina da gaskiya. Ba a taɓa yi wa kamfanin Nafi'u kutse ba, ba a taɓa jin wani ma'aikacinsa ya saci sirrin kowa ba. Waɗanda suka ba shi matsayin mai gida suna nan lafiya, kamfanin sai bunƙasa yake. Ba a taɓa ɗauke wani ɗan ƙungiyarmu ta dalilin sunayen nan ba, amma ba ni da hanyar sanin ko rufewar da na yi ce ta hana, ko dama ba mai zuwa. Asarar Hali kuwa na gan ta da idona, na shaƙi warinta. In kun tambaye ni ko da za a mai da ni ofishin nan da hantsin nan zan zaɓi na ƙarshen, na mai gida, zan ce muku a'a, don abin ba nawa ba ne. Sai dai ban taɓa jin daɗin wannan amsar ba ko sau ɗaya.

Nafi'u ya daina zuwa sallah. Yana kiran Inna a wayarta, yana aiko mata da duk abin da take so, ya sa an kai ta Abuja ta yi 'yan watanni ta ce ita ba ta iya zaman bene, ta dawo. In na kira shi yana ɗauka, mu gaisa, ya tambayi iyali, sai shiru ya biyo baya har ɗayanmu ya ce to sai an jima. Inna ba ta sake tayar mini da maganar ba. Amma duk ranar sallah sai ta sa a zuba abinci a kwano biyu, nawa da na Nafi'u, a kai zaure, ɗaya ya dawo yadda aka kai shi, ta ce a ba maƙwabta.

Ciwonta na ƙarshe bai yi tsawo ba. Na sanar da shi tun ranar da ta kwanta, ya ce yana wata ƙasa wurin aiki, zai taho. Ta cika da safe, aka yi mata sutura kafin azahar kamar yadda aka saba. Shi kuwa sai washegari da la'asar ya iso. Ya zauna cikin masu gaisuwa, yana amsawa da kai. Da mutane suka ragu ya matso kusa da ni ya ce in kai shi ya ga wurin. Muka tafi mu biyu a ƙafa. Ya tsuguna a gaban kabarin ya daɗe yana addu'a, kafaɗunsa na girgiza, ni kuma ina tsaye a bayansa na rasa inda zan sa hannuna. Da ya shafa, bai juyo ba ya ce:

"Ta ambace ni?"

"Har ƙarshe."

"Mi tac ce?"

"Ta ce in ka zo a share maka ɗakinta ka kwana ciki."

Ya miƙe. Muka juyo gida. Luba ta riga ta share ɗakin, ta shimfiɗa sabon zanen gado, ta kunna turare. Ya tsaya a bakin ƙofa ya leƙa, ya dubi gadon, da carbinta a rataye, da takalmanta a gefe. Na ga ƙafarsa ta ɗaga kamar zai shiga. Sai ya ce direbansa ya riga ya kama musu masauki a Birnin Kebbi, da sassafe zai bi jirgi. Luba ta roƙe shi, ya ba ta haƙuri da kyakkyawan lafazi. Na raka shi waje. Ya buɗe mota, ya riƙe ƙofar, ya dube ni sosai, karo na farko cikin shekaru.

"Ka tsufa, Yaya," ya ce. "Ka riƙa shan maganinka."

Na ce to. Motar ta tashi, na tsaya a wurin har aka kira magariba, sannan na koma ciki na tarar Luba tana naɗe zanen gadon.

Baffanku mutumin kirki ne. Bai taɓa cin amanar kowa ba, kuma ranar da albasar mutane ke ruɓewa shi ya fi kowa neman ceto ta. Wanda duk ya gaya muku wani abu ban da wannan, ku ce ni na ce ba haka ba ne. In hanya ta kai ɗayanku Abuja, ya nemi gidansa, ya durƙusa ya gaishe shi yadda ake gai da uba. Kada ku kai masa wannan labarin, ya san shi. Ku dai zauna, in an kawo abinci ku ci.